Ciwon zuciyar maijego ya wuce maganar kunun kanwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana kan cutar da Zariya ta daɗe da saninta, wato raunin zuciya da ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin wata biyar bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kanta, suka danganta ta da al'adun jego: kunun kanwa, wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Kanwa tana da sinadarin da ke cikin gishiri, mai sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Sai dai binciken PEACE da Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya, aka wallafa a 2020, bai sami alaƙa tsakanin cutar da kunun kanwa ko wankan ruwan zafi ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin ciki mai kaiwa ga jijjiga. Wannan ba izinin shan kanwa ba ne. Wadda zuciyarta ta riga ta yi rauni, kanwa, gishiri da dunƙulen miya suna ƙara mata kumburi. Amma hana kunu kaɗai ba zai ceci matar da ta shiga ciki da yunwa ba, ba a kuma taɓa auna jininta ba.

A wajen awo, a tabbatar an auna hawan jini kowane zuwa. In ya kai 140/90 bayan mako 20, a gwada fitsari. A duba yawan jini ma. Ƙasa da 11 a gwajin yawan jini na Hb ƙarancin jini ne ga mai ciki, kuma zuciya ce ke biyan bashin.

Bayan haihuwa, iyayenmu mata da ke zaman jego su ne likitocin farko. In maijego ba ta iya kwanciya sai da filo biyu ko uku, ko tana farkawa cikin dare da tari da sarƙewar numfashi, ko ƙafafu suna ta kumbura, ko tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, to ba gajiyar haihuwa ba ce, ba kuma sanyi ba ne. Nan ake kuskure: sai a ce sanyi ya shige ta, a ƙara zafin ruwa da kanwa. A kai ta asibiti ranar. Hoton zuciya, kamar wanda ake yi a asibitin koyarwa na Shika, shi ke tabbatarwa: in ƙarfin tura jini ya gaza kashi 45 cikin 100.

Game da magani, furosemide yana fitar da ruwa, amma bushewar kumburi ba warkewa ba ce, kuma nan mata da yawa ke ajiye ƙwayoyi. Magungunan zuciya irin su enalapril ba a shan su da ciki. Bayan haihuwa ake fara su, sannan a gwada ƙoda mako ɗaya zuwa biyu da farawa. Diclofenac da ibuprofen na kemis a guje su, domin suna riƙe ruwa, suna kuma cutar da ƙoda. Ƙarin nauyin jiki na kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, a koma asibiti.

Mazaje kuma, sake ɗaukar ciki kafin likita ya ce zuciyar ta farfaɗo zai iya zama ajalinta. A je sashen tazarar haihuwa tare.

Roƙonmu ga ƙananan asibitocin Zariya da Sabon Gari: uwar da ta kawo jariri rigakafin mako shida, ita ma a auna hawan jininta, a danna ƙafarta a ga ko ta kumbura, a tambaye ta da filo nawa take barci.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Tudun Wada, Zariya.