Hajiya Babba ta riga mu gidan gaskiya

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya gida, ya maigidan, ya yara, ya ruwan Kumasi? Na san labari ya iske ki ta waya, amma ranar kuka bai bar mu mun yi magana ba. Hajiya Babba ta cika da asubahin Juma'a, kafin azahar an kai ta maƙabartar Dandolo. Jiya aka yi sadakar bakwai.

Wajen zaman makoki aka yi ta gardamar shekarunta. Ita dai kin san amsarta: tana goyon Baffa Sarauniyar Ingila ta zo Kano. To 1956 ke nan, sai ki yi lissafi. Haka take da kuɗi ma. Tun 1973 aka koma naira, amma har ta bar duniya naira biyu fam ce a bakinta, ɗari biyu kuwa jaka. In ta aike mu Kurmi sai mun tsaya a zaure mun fassara.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne baƙin da suka zo gaisuwa. Mu jikoki da tattaɓa kunne mun cika tsakar gida har soro, muna ganin mu kaɗai ne nata. Sai ga wani dattijo daga Maraɗi, gemu fari fat, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana hawaye. Ashe almajirinta ne lokacin farin 1973, sa'ad da hatsi ya yi wuya. Ya ce duk dare sai ta ajiye masa malmalar tuwo, ko da 'ya'yanta za su kwana da ƙwarya-ƙwaryar ƙoshi. Bayansa wasu mata suka zo, wannan ta ce ita ta yi mata kayan ɗaki, waccan ta ce ita ta ba ta jarin farko. Ko Goggo ba ta san rabinsu ba.

Kuma duk da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta yi wannan, tana cikin kulle. Yara ke kai talla, ita tana gindin murhu tana zubin adashi. Da shi ta aurar da 'ya'ya bayan rasuwar Malam, da shi ta sauke farali.

Kada dai mu mai da ita waliyyiya, kin san bakinta. Ni kishiya take ce mini, ta ce miyata ko kare sai ya yi shawara kafin ya lasa. Ke ce 'yar gaban goshi, tunda kina aiko mata da goro daga can. Na ƙarshen ma ba ta cinye ba, mun same shi a lulluɓe cikin algarara a ƙarƙashin gado, shi aka fara rabawa masu gaisuwa.

Yanzu ɗakin a kulle yake, tsakar gida shiru bayan la'asar. Ban san wanda zai iya tara mu ran Sallah ba, don tun yanzu kawunai sun fara maganar gida.

Goggo ta ware miki carbinta baƙin nan da kallabi ɗaya. Ki faɗa mini wanda zai taho wajenku in ba shi. Allah Ya jiƙanta, Ya kyauta namu zuwan.

Ki gaida yara.

Taki,
ƙawarki ta Kano