Likita, in yarda a sa mini silikon bayan an cire mini mama?

Assalamu alaikum Likita. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri kan wannan fili.

Ni matar aure ce, shekaruna 41. Bara aka cire mini maman hagu saboda sankara, na kuma gama kemo, wato maganin sankara, alhamdulillahi. Yanzu auduga nake cusawa a rigar mama, in na je biki hankalina yana kan mayafi kada ya zame. Maigida bai taɓa nuna mini a fuska ba, ni ce dai na daina son madubi. Likitana ya ce za a iya sa mini jakar silikon wurin ya ciko. Malamin da na tambaya ya ce gyara abin da cuta ta ɓata ba canza halitta ba ne, don haka ta nan hankalina a kwance yake.

Ƙanwata, wadda nas ce, ita ta sa na ja baya. Ta ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta taƙaita amfani da silikon a 1992, sai a 2006 ta sake amincewa da shi. A 2010 aka kama kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, a 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu kaushin baya daga kasuwa saboda wata sankara da ba kasafai ake samu ba, mai fitowa a tantanin da ke kewaye jakar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta yaya zan tabbatar da irin da za a sa mini?

Abin da ya fi hana ni barci shi ne wai jakar kan fashe ba tare da mace ta ji komai ba, sai hoton MRI ko sikanin ya nuna, kuma ba ta zama har abada. Kemo ya cinye filina da sarƙoƙina. In na lallaɓa na biya kuɗin tiyatar nan, ina zan samo na hotuna duk bayan 'yan shekaru, balle wata tiyatar?

Don Allah ka faɗa mini gaskiya, Likita: in sankarar ta dawo, Allah ya kiyaye, jakar ba za ta ɓoye ta ba? Ko gara in nemi maman roba da ake sakawa cikin riga in haƙura?

A sakaya sunana.
Wata uwa daga Zariya