Awa nawa ne daga Abuja zuwa Jidda?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu niyyar Umra kan wani lissafi da yake yawan rikita matafiya da masu tarbarsu.

Tazarar filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ta kai kimanin kilomita 3,700 idan aka ja layi miƙe. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama. Wanda ya raba zai samu awa huɗu da 'yan mintuna, sai ya ɗauka shi ke nan. Amma jirgi ba ya wannan gudun sa'ad da yake hawa ko sauka, kuma lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne tun daga sa'ad da jirgin ya motsa daga inda aka yi lodi, har da jiran layi a bakin titin tashi. Shi ya sa tafiyar kai tsaye take kaiwa wajen awa biyar. Hanya ma takan ƙara tsawo: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazanmu sai da suka yi zagaye.

Babban abin da ke ɓatar da mutane shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti na garin da ake magana ne. Jirgin da ya tashi Abuja ƙarfe 10 na dare, tikiti zai nuna saukarsa ƙarfe 5 na asuba, alhali a gida ƙarfe 3 ne. A dawowa lissafin ya juye: tashi ƙarfe 10 na safe a Jidda, sauka wajen ƙarfe 1 na rana a Abuja. Mai tarbar da ya ƙara awa biyar a kan goma zai iso ƙarfe 3, ya tarar da dattijuwa zaune kan akwati da jarkar Zamzam a gefe tun ɗazu.

Tikitin da zai yada zango a Addis Ababa ko Alkahira kuwa, a duba tsawon jiran kafin a biya. Arharsa wani lokaci yini guda ne a kan benci.

A isa filin jirgi awa uku kafin tashi, a kuma ware wa cunkoson Lugbe, unguwar da ke kan hanyar filin jirgin Abuja, nasa lokacin, don filin yana wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan jinkirta tashi, saboda haka mai zuwa daga Jos ko Kano ya kwana Abuja ya fi. Wanda zai wuce Makka daga Jidda ya sa haraminsa a jakar hannu ko ya ɗaura tun a Abuja, domin ana kaiwa saitin miƙati jirgi yana sama, akwati kuma yana ƙasan jirgi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Wuse, Abuja