Aikin katako a ofisoshin gwamnati: a riƙa kiran kafinta kai tsaye

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai albarka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan sana'armu, ni kafinta ne a nan Agege cikin Legas, kuma abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Duk sanda kujera ta karye a ofishin gwamnati ko ƙofar kabad ta ƙi rufuwa ko tebur ya kumbura, abin da zaka ji ana cewa shi ne ai kafintocin Najeriya ba su iya aiki ba, gara a sayo na Turkiyya ko na Chana. Wallahi wannan maganar tana min ciwo, domin mu da muke cikin aikin mun san inda gizo yake saƙar. Gwamnati ba ta kiran kafinta. Ɗan kwangila take kira, wanda ko zarto bai taɓa riƙewa ba, shi kuma ya sayar wa wani, wancan ya nemo wani oga mai shago, to shi ne zai zo ya same mu da ɗan abin da ya rage ya ce oga yana so nan da sati biyu domin za a yi bikin buɗe gini. Kuɗin da aka fitar na katakon iroko ne mai ƙarko, kafin ya iso hannunka ya koma na MDF, wato allon garin katako, kuma in abin ya lalace sunanka ne zai ɓaci, shi mai kwangilar ya riga ya karɓi cek ɗinsa.

Bari in ɗan yi bayani saboda masu karatu da ba sana'arsu ba ce. Katakon da ake sayowa a kasuwannin katako na Legas irin ta Mushin, yawanci ɗanye ne sharaf, jiya jiya aka tsaga shi. Kafin ya zama kayan ofis sai an jera shi a inuwa an sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki iska tana ratsawa, wata da watanni, ko a kai shi inda ake busarwa da inji har laimarsa ta sauko wajen kashi 12 cikin 100. In ka yi gaggawa ka haɗa tebur da ɗanyen katako, ranar da aka kawo shi zai yi kyau kowa ya yaba, amma ofishin manya AC ne ke aiki safe da yamma, shi kuma AC tsotse laima yake, sai katakon ya fara motsewa, saman tebur ya tsage, durowa ta karkace ta ƙi shiga. Shi kuwa MDF garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, ba laifi ba ne a wurin da ya dace, amma mai shara tana zuwa da mofa kullum ruwa yana taɓa ƙafar kabad, kafin shekara ta zagayo ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Ga iskar gishiri ta ɓangaren Island, wato tsibirin Legas, da ke cinye hinjis na banza, ga gara a ƙasan bene. Kafintan da ya san Legas duk ya san wannan, amma wa ya tambaye shi?

An taɓa kiran mu gyara a wani ofishin gwamnati, ba zan kama suna ba, sabbin kabad kabad na fayil da ba su daɗe da zuwa ba duk sun saki, a lungu kuma ga wani tsohon kabad na mahogani tun zamanin da, an tura shi can za a yi gwanjonsa. Na ja durowarsa ta fito sumul ba ko ƙara. Babu ƙusa a kusurwarsa, wanda ya yi shi ya yanka haƙora a wannan katakon ya fafe gurbinsu a wancan suka cije juna, bayansa ma da ba mai gani ya goge shi tas. Abin da yake buƙata kawai a kankare tsohon fenti a sake shafa masa mai a canza mariƙi. Na roƙi mai kula da wurin ya bari mu gyara shi, ya ce min shi ma yana so amma a takarda babu kuɗin gyara, na sayen sabo kawai aka ware.

Kuma fa ba cewa nake babu doka ba. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya sa hannu a umarni mai lamba 003 da ya ce ma'aikatun tarayya su fifita kayan gida wajen sayayya, kuma kayan ofis irin su tebur da kujeru suna cikin abubuwan da aka ambata da suna. Kafin nan a 2015 babban bankin Najeriya CBN ya sa kayan katako cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati, har zuwa Oktoban 2023 da aka ɗage. A 2025 ma an fito da tsarin Nigeria First na fifita kayan gida. Duk mun ji a rediyo mun yi murna, sai dai kayan gida a takarda wani lokaci yana nufin an shigo da allunan a kwali an ɗaure su da sukuru a wani sito a nan Legas shikenan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne icen namu ma ba mu muke mora ba. Madobiya, wadda 'yan Taraba ke kira madrid, an yi ta sare ta ana lodawa a kwantena zuwa Chana har sai da hukumar duniya mai kula da cinikin itatuwa da namun daji ta dakatar da Najeriya daga fitar da ita a 2018. Icen da ya kamata a ce da shi aka yi teburin majalisa ko kujerar alƙali ya tafi, mu kuma aka dawo mana da garin katako mai sheƙi. Duk wanda yake shakkar hannun ɗan Najeriya ya je National Theatre a Iganmu da aka gama a 1976 saboda bikin al'adun Afirka na FESTAC 77 ya ga aikin su marigayi Erhabor Emokpae mai zane da sassaƙa, ko ya shiga tsofaffin masallatai da coci coci na Island ya kalli ƙofofi da bencina.

Roƙona ga gwamnatin Legas a Alausa da ta tarayya da gwamnoninmu na Arewa, in za a yi gini a sa kafinta a zaman farko tare da mai zanen gini, ya auna ɗakin da kansa, domin kantar rajista ta kotu da shelf ɗin laburare da teburin zauren taro ba abin da ake ɗaukowa a shago ba ne, kowanne da awonsa. A rubuta sunan icen a takardar kwangila, iroko ne ko mahogani ko mansoniya, a sa wanda ya sani ya duba kafin a biya. A ba da aikin katako tun ana tona fandisho yadda icen zai bushe kafin a gama rufi. Kuma a ware kuɗin gyara. Babbar kotun Igbosere ta nan Legas da aka ƙona a Oktoban 2020 misali, duk sanda aka zo kan kayan cikinta ina fata a nemi masu hannu na gida.

Mu ma 'yan Arewa mazauna Agege da Idi Araba da Mile 12 akwai namu. Tunda aka hana acaɓa a manyan unguwanni yaranmu da yawa suna zaune, alhali manyan shagunan kafinta 'yan Togo da Kwatano ne suka cika su saboda sun yi haƙurin koyo. Legas tana da kwalejojin fasaha na gwamnati a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado Soba, ga jarrabawar NABTEB da Trade Test da ke ba mutum takardar da zai nuna in ana neman ƙwararre. Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu su tattara sunayen kafintocinmu, a yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin ƙungiya guda, domin ba a ba mutum aikin gwamnati in ba shi da takarda komai iyawarsa. Ni dai shagona a buɗe yake ga duk yaron da iyayensa suka kawo.

Na gode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Wani kafinta daga Agege, Legas