A Karrama Masu Ba da Jini da Lambar Mota

Ranka ya daɗe Edita,

A jihohin Amurka da dama, mutum kan ƙara kuɗi ya karɓi lambar mota ta musamman mai tallata wani aikin alheri. Me zai hana Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da Hukumar Kula da Jini su fito da irinta ga masu ba da jini kyauta?

A asibitocinmu, mai jego na zubar da jini, dangi na ta buga waya suna neman mai taimako, wani kuma sai an biya shi. Lambar da ake gani kullum a titi ta fi jawabin ranar 14 ga Yuni, wato Ranar Masu Ba da Jini ta Duniya, tasiri. Sai dai kada a sayar wa masu kuɗi, a bai wa wanda katinsa ya nuna ya saba bayarwa, har da masu babur da Keke Napep.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano