Wasiƙa daga Damagaram: Batun Sharar Gidan Inna

Assalamu alaikum, aminina,

Ya gida, ya iyali, ya zaman Agadas? Saƙonka ya iso. Na je Birni na duba Inna, tana nan lafiya, ta ce a gaishe ka da yara. Jujin da ya taru a bakin lungunsu kuwa, kana da gaskiya da ka damu, don har ya fara cin hanya.

Ka san lungunan Birni, mota ba ta shiga, sai amalanke ko kura. Na samu wani mai amalanken jaki da ke kwasar shara gida-gida, muka zauna da shi da maƙwabta, kowane gida zai ba shi wani abu ƙarshen wata. Sharaɗin da na kafa masa shi ne ya kai ta inda hukuma ta keɓe, kada ya juye a tafki ko a magudanar ruwa.

Amma na gaya wa jikokin Inna su riƙa rarrabewa tun daga tsakar gida, saboda da yawa daga abin da muke zubarwa yana da mai so. Toka, kashin awaki da ƙaiƙayi, manoma ne ke nema kafin damina, su kai gona a matsayin taki. Tsohon ƙarfe na ƴan gwangwan ne, su ɗora a sikeli su biya ka nan take. Sanholo kuwa, na tsaya wurin wani maƙeri na ga yana narka gwangwanayen lemo da fasasshiyar tukunya, ya zuba a cikin ƙasa mai laima da ya riga ya siffanta, da ta huce ya fasa, sai ga sabuwar tukunya da kunnuwanta. Gorunan ruwa masu kunun aya ke karɓa, tsohuwar taya ta zama takalmi ko guga.

Leda ce ta gagare mu, kuma ita ce ke ci mini rai. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana kawowa da sayar da wannan siririyar leda, amma je ka Kasuwar Dole ranar Alhamis, ko tumatirin dala biyar ka saya a cikinta za a ƙulle maka. Iska ta watsa ta kan ƙaya, awaki su ci. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbi. Ta toshe magudana, ruwan Agusta ya rasa hanya ya faɗa gidajen ƙasa. Bayan daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni, ban ƙara ɗaukar toshewar magudana da wasa ba.

Roƙona ɗaya: ka buga wa Inna waya da kanka ka hana a ƙona leda a gidan, hayaƙin ne ke tayar mata da tari, kuma maganarka ta fi tawa shiga. Matattun baturan tocila ma a tara su daban, nesa da yara da rijiya.

Kuɗin mai amalanke na wannan watan na biya, kada ka aiko. In za ka zo sallah, ka sanar da ni da wuri.

A gaida uwargida da yara.

Naka,
Amininka na Zango