Gaisuwar Sallah daga Shefild

Zuwa ga Baba da Mama da dukan mutanen gida a Jos,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mun yi idi lafiya tare da 'yan'uwa Musulmi 'yan Pakistan da Somaliya da Yaman, waɗanda kakannin wasunsu aikin ƙarfe ne ya kawo su Ingila.

Baba ya tambayi abin da baƙo zai kalla a garin nan. Shefild gari ne na tuddai, hawa da gangara sai ka ce Jos, kuma ƙarfe ne ya gina shi. A nan ne Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a shekarar 1913, irin wanda ake ƙera cokula da wuƙaƙe da shi. Wurin da ya fi burge ni shi ne gidan tarihi na Kelham Island, inda aka ajiye wani ƙaton injin tururi da aka ƙera a 1905, mai ƙarfin dawakai 12,000, wanda a da yake murza farantan ƙarfe na jiragen ruwan yaƙi. Har yanzu ana tayar da shi domin masu ziyara, kuma iyaye kan kawo 'ya'yansu su ga aikin da kakanninsu suka ci abinci da shi. Wannan ne ya tuna mini da ramukan kuza na Bukuru, waɗanda ƙannena ke wucewa ba tare da sun san labarinsu ba, don haka ina roƙon Yaya ya kai su gidan tarihi na Jos kafin hutun Sallah ya ƙare.

Mama kuwa, na san lambun Winter Garden zai fi yi mata daɗi, domin ginin gilashi ne cike da shuke-shuken ƙasashe daban-daban, ga shi shiga kyauta ce. A faɗa wa samarin gida cewa ƙungiyar ƙwallon ƙafa mafi tsufa a duniya, Sheffield FC, a nan aka kafa ta a 1857. Mai son hawan dutse kuma yana da gandun Peak District a bakin gari, sai dai ya riƙe rigar ruwa.

Na aika wa Yaya goron Sallah na yara. A gaishe mini da Kaka da Gwaggo da maƙwabta, kuma a ci gaba da sa ni cikin addu'a.

Wassalam,
Ɗanku